Romon Baƙin Bature

Jikokina dariya suke yi mini idan na ce azabtar da kifi suke yi, ba dafa shi ba. Su zuba shi a tukunya, su hura wuta kamar za su dafa ganda, su bar shi yana tsalle har ya dagargaje, sannan su kawo mini wai in ɗanɗana in sa albarka. Ni kuwa bakina bai saba da shiru ba, sai na faɗa. Kifi ba ya son hayaniya. Tun ina budurwa na koyi wannan, a ƙauyenmu da ke ƙasar Karaye, kusa da kogin Challawa, kuma mutumin da na koya daga wurinsa ko fuskarsa ban taɓa gani sosai ba.

Zamanin Turawa ne. Mahaifina shi ne dagacin garin, saboda haka duk baƙon gwamnatin da ya sauka, cinsa da shansa a wuyan gidanmu yake. Wani rani masu aikin ciwon barci suka zo, suna tattaɓa wuyan mutane, suna sa a sare kurmin bakin rafi saboda ƙudan tsando. A cikinsu akwai wani dogon mutum, baƙi wuluk kamarmu, amma da gajeren wando da malafar Turawa, kuma bai san Hausa ba ko ta zo in kashe ka. Tafintan da suka zo da shi ya ce wai mutumin wasu tsibirai ne can tsakiyar teku, Bahama ake ce da su, kuma Turawan da suke mulkinmu su ne suke mulkinsu. Kafin yamma garin duka ya sa masa Baƙin Bature.

Mutumin nan ya wahalar da mu a kan abinci. A kai masa tuwon dawa da miyar kuka, ya taɓa gefe ya dawo da shi. A kai fura, ya kurɓa don kunya. Ramewa yake yi a gaban idon Baba, kuma baƙon gwamnati ya rame a garinka ba ƙaramin abin kunya ba ne. Ran nan da safe ya ga wani masunci ya fito daga kogi da karfasa ɗanya tana motsi, sai ya biyo shi tiryan-tiryan har zaurenmu, ya tsaya yana ta bayani da hannu, tafinta yana juyawa. Ni da Goggo muna bayan zana muna saurare.

Sai na faɗi ko wace ce Goggo, don ba ita labarin ba zai fahimtu ba. Ni ce 'yar fari a wurin Baba, kuma a wancan zamanin kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tunda aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa haɗa ido da ni ba, bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Ko ina tsugune a gabansa, Goggo zai duba ya ce, "Ce wa yarinyar nan ta kawo ruwa." Goggo ƙanwarsa ce, mijinta ya rasu ta dawo gida, ita ta goye ni a sashenta, don mahaifiyata ta rasu ina ƙarama. Ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba. Haka kowane ɗan fari yake a garin, haka na buɗe ido na gani.

Abin da Baƙin Bature ya ce shi ne, a wanke kifi da gishiri da lemun tsami. A yanka albasa zobe-zobe a shimfiɗa a gindin tukunya, a sa dankali kaɗan da ɗanyen barkono, a zuba ruwa daidai rufewa, a dafa su tukuna. Idan sun yi laushi sai a janye itace gaba ɗaya a bar garwashi, a kwantar da kifin a kai, a sa man shanu, a matse lemun tsami, a rufe da faifai. Kada ruwan ya tafasa, motsi kawai zai riƙa yi a hankali. A dafa tsakin masara da kauri a haɗa masa. Kuma da safe ake ci, wai haka uwarsa take yi musu a ƙasarsu. Goggo ta taɓe baki ta ce wannan ai wanka za a yi wa kifin.

Ita ta fara gwadawa, amma hannunta ya ƙi bin umarni. Tana ganin romo fari fat ba launi, sai ta jefa daddawa, ta ƙara itace. Akushi ya dawo kamar yadda ya tafi. Washegari ta ce tunda ni ce mai kunnen sauraro, in je in yi, ita ta gaji da iyayin baƙo. Na yi yadda na ji, na zauna a gaban murhu ina kallon ruwan kamar mai gadin jariri. Akushin nan ya dawo a suɗe. Tafinta ya ba da labari a zaure cewa mutumin ya ci, ya suɗe akushin, sannan ya goge ido. Har suka tashi daga garin ni nake dafa masa. Baba ya ɗanɗana sau ɗaya, ya yi dariya, ya ce da Goggo wannan abincin majinyata ne, shi a ba shi tuwonsa.

Bayan wasu shekaru na yi aure a Rogo. Maigidana maɗinki ne, yana zuwa cin kasuwar Karaye da keken ɗinkinsa a kan jaki, a nan dangi suka haɗa mu, kuma wallahi ina son sa, ba wanda ya tura ni. Mutum ne mai sanyin hali, mai yawan tsokana. Ɗakina a Rogo yana jikin shagonsa, ƙarar keken ita nake ji tun safe, har na saba ba na jin daɗin gidan idan ta yi shiru. Da cikina na fari ya tsufa aka kawo ni gida goyon ciki kamar yadda ake yi, a kan in haihu, in yi arba'in, in ɗan ƙara hutawa, ya zo ya ɗauke ni.

Na tarar da Baba ba yadda na bar shi ba. Ciwon ciki ya kama shi, duk abin da ya haɗiya sai ya dawo. An yi saiwa, an yi sassaƙe, an sha rubutu, an karɓo ƙwaya daga ɗakin shan magani na Karaye, duk a banza. Mutumin da rawani yake yi wa kyau ya koma rawanin yana rinjayar wuyansa. Ƙaninsa ne yake zuwa wurin hakimi a madadinsa, shi yake zagayen haraji. Na haifi ɗa namiji, aka yi suna, aka shiga wankan jego, ruwan zafi safe da yamma da kunun kanwa har na tsani ganin ƙwaryar.

Wata safiya masuncin garin ya aiko da karfasa gaisuwar barka. Bakina ya gaji da kanwa, sai na ce bari in yi wa kaina romon Baƙin Bature. Ƙamshin albasa da lemun tsami ya tsallake katanga ya shiga turakar Baba. Ya kira Goggo ya ce me ake dafawa a gidan nan. Ta ɗiba ta kai masa, ya sha romon, ya ci kifin, ya taɓa tsakin. Muka zauna muna jiran ya dawo da shi. Hantsi ya yi, azahar ta yi, shiru. Goggo har da guɗa a tsakar gida, matar Baba ta rungume ni tana kuka. Ni ma na yi murna, na ji kaina ya yi girma, ban san ranar na ɗaure ƙafata ba.

Daga nan aka ba masunci umarni kullum ya kawo kifi bayan asuba. Shi kaɗai ne abin da cikin Baba yake karɓa. Ya ci da safe, a ajiye sauran romon ya kurɓa da yamma. Ya fara tashi zaune, ya fara sallah a tsaye, wani lokacin a riƙe shi ya fito zaure a gaishe shi. Mutanen gari suka shiga cewa Allah ya sa maganin dagaci a hannun 'yarsa. Duk matar da ta shigo sai ta sa mini albarka, ni kuwa albarkar nan nauyi take ƙara mini.

Arba'in ta wuce, maigidana ya zo da goro da sabulu da 'yar riga da ya ɗinka wa yaro. To, ga inda abin yake. Suruki ba ya buɗe baki ya ce da surukinsa a ba shi matarsa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a ƙofar zaure, ya yi gaisuwa, ya yi ya jiki, ya ce mutanen gida suna gaishe da yaro. Baba ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Shi ke nan maganar ta ƙare. Ya shigo wurin Goggo, ita kuma ta cika shi da fura da daɗin baki, ta ce ai ka ga yadda jikin yake, a ɗan ƙara kwana biyu ya ƙara ƙarfi. Ya ce ba komai, ai Baba uban kowa ne. Ya hau jakinsa ya koma.

Kwana biyun Goggo ya cinye damina. Ya cinye kaka, aka cire gyaɗa, aka kai ta kanti, ina nan. Rayuwata ta koma taku kaɗan, daga ɗakin Goggo zuwa rijiya, daga rijiya zuwa murhu. Matar aure ba ta fita, balle matar wani a gidan sarauta, ko zaure ba na leƙawa. Sallamar masunci ita take tashe ni. In kankare kifi, in wanke, in yanka albasa ina hawaye, rabi na albasa rabi nawa, yaro a bayana yana zillo. Lemun tsami ya tsattsaga mini yatsu. Zanena ƙarni, gashina ƙarni, har yaron idan na sunsuna shi ƙarni nake ji. Idan na ji ƙarar wani abu mai kama da keken ɗinki, ko gurzar dutsen niƙa ne, sai gabana ya faɗi. Abin duniya ya ishe ni, kuma ba wanda zan gaya wa, don duk wanda ya ji zai ce wace irin 'ya ce wannan da take ƙorafin ciyar da ubanta.

Dabara ta faɗo mini, na ce ai dahuwa ba wahayi ba ce, a koya wa wani mana. Matar Baba mace ce mai haƙuri, ta yarda. Na zaunar da ita na nuna mata komai, yadda ake janye itace, yadda ake gane kifi ya nuna idan tsokar ta yi fari ta fara rabuwa da ƙaya. Ta yi ta yi har ta iya. Na rantse da Allah ranar da ta gama na ɗanɗana ban bambance nata da nawa ba. Goggo ta ɗauka ta kai wa Baba, ba ta faɗi wadda ta dafa ba. Ya kurɓa sau biyu, ya ajiye ludayi, ya ce yau ba yarinyar nan ta dafa ba. Goggo ta rantse ni ce. Ya ce ta daina rantsuwa, yana kwance yana jin komai, yau bai ji kukan yaro a bakin murhu ba. Kafin hantsi ya amayar da ɗan abin da ya sha.

Mun sake gwadawa, na zauna da yaro a bakin murhu ita tana dafawa. Ya sake ganewa, ban san ta yaya ba har yau. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce da Goggo wannan ba ciwon ciki ba ne, rigima ce irin ta tsofaffi. Ta ce in kama bakina. Daga baya ta ce da ni a hankali, mai sarauta idan ciwo ya daɗe masa zargi yake shiga ransa, ya daina yarda da hannun kowa, kuma cikinsa ya bi zuciyarsa. Ni jininsa ce, ba na neman komai a wurinsa, shi ya sa abincina yake zama. Na ce to ni kuma aurena fa? Ta ce aure ai ba ya gudu.

Maigidana ya riƙa zuwa duk ranar kasuwar Karaye da ya samu hali. Kowane zuwa tsokanarsa tana raguwa. Na samu labari a bakin wata mai sayar da man shanu cewa uwarsa a Rogo ta fara magana, wai an karɓi sadaki an riƙe mata, wai gidan sarauta sun raina maɗinki. Na matsa wa Goggo ta shiga ta gaya wa Baba. Sai ta ce to, ta gyara ɗaurin kallabi, ta shiga, ta daɗe, ta fito tana ba ni labarin rikicin gonar wasu. In ce kin faɗa masa? Ta ce ba ta ga fuska ba, yau jikin ba daɗi. Goggo ba muguwa ba ce. Baba kaɗai ya rage mata a cikin waɗanda suke uwa ɗaya, kuma tana ganin ransa a cikin tukunyata yake.

Ana saura 'yan makonni azumi maigidana ya sake zuwa. Ranar Baba ya ji ƙarfi, an fito da shi zaure yana kishingiɗe a kan buzu. Yaro lokacin ya fara takawa. Goggo ta ɗauke shi ta kai zaure don ubansa ya gan shi, ni ina bayan zana ina leƙe. Maigidana ya miƙa hannu yana murmushi. Yaron nan ya dube shi, ya ƙwalla ƙara, ya juya da gudu ya faɗa jikin Baba ya ƙanƙame rigarsa. Aka yi ta lallashi, ya ƙi ko kallon inda ubansa yake. Mutanen zaure suka yi dariya, suka ce ƙiwa ce ta yara. Maigidana shi ma ya yi dariyar, amma na ga ya mayar da hannunsa cikin riga. Baba bai yi dariya ba, ya dafa kan yaron yana kallon ƙasa.

Da maigidana ya shigo sashen Goggo bai taɓa furar ba. Ya jira ta fita, sannan ya ce da ni, "Ban zo da faɗa ba, kin san halina. Amma ɗana bai san ni ba, ɗakinki gizo-gizo ya cika shi, ni kuma na gaji da kare ki a wurin Inna. Idan aka ga watan azumi ba ki dawo ba, zan ɗauka kin zaɓa, ba zan kuma riƙe ki da igiyata ba."

Na ce, "Malam, idan na tafi mutuwa zai yi."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa ban ce ki taho ba."

Ya tafi ya bar ni da wannan. Da la'asar na ce yau ko sama da ƙasa za su haɗu sai na yi wa Baba magana da bakina. Na wuce Goggo, na nufi turakarsa, na durƙusa a bakin ƙofa. Yana zaune yana jan carbi. Na shirya maganata tsaf tun daga murhu, amma da na buɗe baki sai harshena ya ƙi. Shekara da shekaru ban taɓa ce masa komai ba bayan gaisuwa, ban san ma ta inda ake farawa ba. Kuma me zan ce? Baba, ka bar ni in tafi ka mutu? Ya ji motsina, ya juya fuskarsa wajen bango, ya ɗaga murya ya kira Goggo ya ce ta zo ta ga abin da yarinyar nan take so. Na ce da ita ba komai, buta na zo ɗauka. Na koma ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Washegari na dafa kamar kullum, don na riga na yanke a raina ba inda zan je, aure ya mutu idan zai mutu. Goggo ta kai akushi, ba a jima ba ta dawo da shi a rufe. Wai ya ce kifi ya fita ransa, ƙarni yake yi masa. Na ce ƙarni? Na ƙara lemun tsami washegari, na zaɓi kifi mafi kyau, na wanke shi har yatsuna suka yi jini. Ya dawo. Na sake, ya dawo. Sai ga saƙo ya fita zaure cewa masunci ya daina kawo kifi gidan nan. Baba ya ce matarsa ta dama masa kunun tsamiya, ya sa aka ɗage asabarin ƙofarsa, ya zauna inda duk gidan za su gan shi, ya shanye ƙwarya guda ya yi hamdala.

Kai, na ji haushi. Wato duk watannin nan da na ƙare a bakin murhu, ashe mutumin nan yana iya shan kunu? Ina cikin wannan Goggo ta shigo, idonta a ƙasa, ta ce Baba ya ce a tambaye ni zaman me nake yi. Wai matar aure ta zo haihuwa ta tare a gidan ubanta har yaro ya yi ƙafa, mutane za su ce dagaci bai san ya kamata ba. Wai in haɗa kayana, ya sa a ɗaura wa jaki sirdi, ƙaninsa zai raka ni Rogo jibi. Na ce da Goggo ni ake kora? Ni da na bar ɗakina, na bar mijina ana zagina a dangi? Na faɗi maganganu a ɗakin nan da ƙarfi don katanga ta kai masa. Goggo kuwa sai ninke mini zannuwa take yi.

Ranar tafiya na je sallama. Na durƙusa a bakin ƙofa, fuskata a ɗaure, na ce na tafi. Yana kwance ya ba ni baya. Ya ce da Goggo, "Ce mata Allah ya yi mata albarka. Ta riƙe mijinta." Na tashi na goya ɗana na fita. A hanya, tun daga gonakin bayan gari har muka hango Rogo, ƙanin Baba yana ta yi mini hira ni kuwa ina cika ina batsewa. Amma ba zan ɓoye ba, da na ga fili, na ga shanu, na ga hanya ta miƙe ba katanga, wani daɗi ya ratsa ni har na ji kunyar kaina.

Maigidana ya rasa inda zai sa ni don murna. Uwarsa ta sauko, ta karɓi jikanta. Na share ɗakina, na wanke kwanukana, na jera. A hankali yaro ya saba, ya koma ba ya barin shagon, yana tsince ƙyallaye a ƙarƙashin keke. Aka ga wata, muka ɗauki azumi. Duk wanda ya zo daga wajen Karaye ina tambayarsa jikin dagaci, a ce da sauƙi, ni kuwa in ce a raina ai dama, yana can yana shan kununsa. Azumi bai raba tsakiya ba, wata rana da hantsi ina tankaɗe, na ji keken ya tsaya. Na ji sallamar baƙo, na ji ana salati. Maigidana ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, na ajiye rariyar.

Kafin mu isa an riga an kai Baba makwancinsa. Na zauna zaman makoki a sashen Goggo, mata suna shigowa suna fita. Bayan an yi sadakar uku gida ya ɗan lafa, na zagaya bayan turakar Baba zan zubar da ruwa, sai na tarar da matarsa a tsugune tana wanke wani ɗan kasko tana kuka. Na ce ta yi haƙuri, kwana ne ya ƙare, tunda har cikin ya warware yana shan kunu. Ta ɗago ta dube ni. Ta ce wane kunu? Ta ce tun ranar farko, yana shanyewa a gabanmu ake sakin asabari, ita take tara masa kaskon nan ya dawo da shi duka, ta rufe da toka ta binne a nan bayan ɗaki kafin in fito. Bayan tafiyata ko kunun bai ƙara nema ba, ruwa kawai yake kurɓa. Ta roƙe shi ta dafa masa romon da hannunta, ya yarda, ya yi ƙoƙari, bai zauna ba. Ta ce a aika Rogo, ya ce duk wanda ya aika bai yafe masa ba.

Ban san lokacin da na isa ɗakin Goggo ba. Tana zaune a kan tabarma da carbinsa a hannu. Na ce, "Goggo, kin sani?"

Ta ce, "Na sani."

"Kina ninke mini kaya kin sani? Kika bar ni ina ɗaga murya a kansa?"

Ta ce, "Da na gaya miki, za ki tafi?"

Na ce ba zan tafi ba.

Ta ce, "To, shi ma ya sani."

Ni mace ce mai faɗa, kowa ya shaide ni, ban taɓa barin magana ta kwana a cikina ba. Ranar na tsaya a tsakiyar ɗakin nan ina son in yi faɗa, na duba na rasa da wa zan yi. Goggo ta matsa gefe ta ba ni wuri a tabarmar, na zauna.